Kuɗin Kujera da Kuɗin Tara

Ina gaida mutanen Samaru, na Hayin Dogo da Danraka da Bomo, ina gaida na Palladan da Hanwa, sannan in tsallaka Kwangila in gaida na Sabon Gari, Muchiya da Chikaji da Dogarawa. Idan tukunya na kan wuta a ɗan janye mata itace, a matso kusa da akwatin rediyo, domin maganarmu ta yau magana ce ta kuɗi, kuma ta 'ya'ya.

Saƙonnin da kuke aiko mana a 'yan kwanakin nan, koke biyu ne suka fi yawa a ciki. Na farko a kan kuɗin jirgi ne. Wata ta ce shekara huɗu tana zubin adashi don ta je Umra, ranar da ta ɗauki kwasarta ta aika ɗanta wurin mai sayar da tikiti, sai aka ce kuɗin da aka faɗa makon jiya ba shi ne na yau ba. Wata kuma ta ce rashin lafiya ya hana ta tafiya ranar da aka sa, da aka je neman a maido mata kuɗinta aka ce irin tikitinta ba a maido da kuɗinsa. Koke na biyu a kan gwamnati ne: an daina ba yara abinci a makaranta, tallafin da aka ce za a turo ta waya shiru kake ji, to yaya ake so talaka ya yi da 'ya'yansa? Da farko sai ki ga kamar maganganun nan ba su haɗa hanya ba. Ki biyo ni a hankali, za ki ga inda suka gamu.

Bari mu fara da jirgi. Mu mutanen Zariya ba baƙin ƙarar jirgi ba ne. Tun 1964 aka kafa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama a nan garin, kuma ke da ke tsakar gida a Palladan ko Samaru kina shanya, sau nawa ƙananan jiragen 'yan koyo suke wucewa ta kanki? Amma sanin ƙarar jirgi daban, sanin yadda ake yanka kuɗinsa daban.

Idan maigida ya je tasha a Kwangila zai shiga motar Kano, kowa da ke cikin motar kuɗi ɗaya ya biya, sai fa wanda ya sayi gaba. A jirgi ba haka abin yake ba. Mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, abinci iri ɗaya za a ba su, lokaci ɗaya za su sauka, amma ɗaya ya biya ninkin abin da ɗayan ya biya. Dalili shi ne kamfani yakan kasa kujerun jirgi ɗaya kashi-kashi, kowane kashi da farashinsa. Kashi mai araha ba shi da yawa, kuma shi ake fara sayarwa. Da ya ƙare sai kwamfuta ta buɗe na gaba da shi, wanda ya fi tsada. Haka za a yi ta hawa har ranar tashi. Shi ya sa kuɗin da aka faɗa miki ranar Litinin, idan ba ki biya ba, ran Alhamis ya zama labari. Kuma kujerar jirgi kamar dafaffen abinci ce a hannun mai sayarwa, idan jirgi ya tashi babu kowa a kanta, ta yi kwantai ke nan har abada. To shi kamfani kullum lissafinsa yadda zai cika jirgi, kuma ya karɓi iyakar abin da kowane fasinja zai iya biya. Lokacin da kowa ke son tafiya, kamar goman ƙarshe na azumi ga masu Umra, ko ƙarshen shekara, sai farashi ya yi sama, kamar yadda tumatir ke yi a kasuwar Sabon Gari da damina.

Sai kuma sharuɗɗa, inda nan ne ran mutane ya fi ɓaci. Tikitin da ya fi araha shi ya fi ɗaure mai shi. Sau da yawa ba a maido da kuɗinsa. Idan kina son canja rana sai kin biya tara, sannan ki cika bambancin farashin ranar da kika koma. Idan kika makara jirgi ya tashi, akwai tarar rashin zuwa. Idan tikitin zuwa da dawowa ne kuma ba ki hau na zuwa ba, kamfanoni da yawa sukan soke na dawowar gaba ɗaya. Idan sunan da ke kan tikiti ya saɓa da na fasfo, ko da harafi ɗaya ne, yana iya zama matsala, kuma mu nan kun san yadda ake rubuta suna ɗaya kala uku. Ga awon kaya: yawancin jiragen ƙasashen waje kilo 23 suke yarda a kowace jaka, abin da ya ɗora sai an biya, kuma a can filin jirgi ba a ciniki. Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Damuwar ita ce da yawa daga cikinmu ba a gaya mana rariya muka saya ba.

Saboda haka uwargida, tunda ke ba fita za ki yi ba, aike za ki yi, to ki ɗora wa ɗan aikenki tambayoyi kafin ya miƙa ko kwabo. Idan aka fasa tafiya, nawa za a maido? Idan aka canja rana, nawa ne tara? Kilo nawa aka yarda? A karanta sunan a gwada da fasfo harafi da harafi. A karɓi rasit, kuma amsoshin nan a rubuta su a takarda. Idan aikin Hajji ne ko Umra ta hannun 'yan kasuwa, a tabbata kamfanin na da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON. Idan kuma kamfanin jirgi ne ya soke tafiya ko ya ɓatar da kaya, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, tana da sashen karɓar koken fasinjoji. Haƙƙinki ne, ba roƙo ba ne.

To me ya sa kuɗin ke ta hawa haka? Jirgi da Dala yake rayuwa. Kayan gyaransa, inshorarsa, hayarsa, duk da Dala ne, man da yake sha ma farashinsa Dala yake bi. A watan Fabrairun 2022 kamfanonin cikin gida suka mayar da mafi ƙarancin tikiti Naira 50,000, ƙasa ta ɗauki surutu. A 2023 kuɗin kamfanonin waje da suka maƙale a Nijeriya, waɗanda suka kasa canjawa su fitar, sun haura Dala miliyan 800, sai da yawansu suka rufe kujerun nan masu araha ga mai saye da Naira. Kamfanin Emirates ma dakatar da zuwa ya yi a 2022, bai dawo ba sai a watan Oktoban 2024. A watan Yunin 2023 kuma aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce Naira 1,500.

Nan ne abin ya shigo har cikin ɗakunanmu, ta hanyar kuɗin kujerar Makka. A 2023 maniyyacin Arewa ya biya kusan Naira miliyan 3. A shekarar ce yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazai suka yi zagaye, kamfanoni suka nemi ƙarin Dala 250 a kan kowane mutum. A 2024 aka fara yanka kujera a kan Naira miliyan 4 da dubu 900. Mutane suka sayar da gonaki da shanu da sarƙoƙi suka biya. Kwatsam a watan Maris aka ce kowa ya kawo cikon miliyan 1 da dubu 900, cikin 'yan kwanaki. Wallahi an sha kuka a gidaje. A shekarar gwamnatin tarayya ta zuba Naira biliyan 90 a matsayin tallafin aikin Hajji, wasu gwamnoni ma suka cika wa maniyyatan jihohinsu wani abu. Da 2025 ta zo aka ce babu wannan tallafi, kujera ta kai kusan miliyan 8 da rabi.

Yanzu ga inda maganganunmu biyu suka gamu. Ranar da aka ba da biliyan 90 ɗin nan mutane da yawa sun yi murna, ranar da aka janye sun yi fushi. Ni kuma ina so mu yi ɗan lissafi irin na mata, irin wanda muke yi da kuɗin cefane. A shirin ciyar da 'yan firamare na gwamnatin tarayya, kwanon abincin yaro ɗaya Naira 70 aka fara ware masa, daga baya aka mayar da shi Naira 100. Idan kika raba biliyan 90 da Naira 100, kwano miliyan 900 ke nan. Ban ce wanda ya je Makka a shekarar ya yi laifi ba, Allah ya karɓi ibadarsu. Abin da nake so ki gani shi ne, kuɗin gwamnati tukunya ɗaya ce. Abin da aka kwasa aka ba wannan, an rage wa wancan. Kuma tukunyar tamu ce, daga man ƙasarmu da harajinmu ake cika ta. Ke da kike cikin kulle ma kina biya, domin duk katin wayar da kika sa akwai harajin kaya a cikinsa, wanda aka mayar kashi 7.5 cikin ɗari a 2020.

Malamanmu kuwa sun riga sun raba mana gardama. Aikin Hajji yana wajaba ne a kan wanda ya sami iko, kuma cikin ikon har da barin abin da iyali za su ci har ya dawo. Wanda bai sami iko ba babu laifi a kansa ko da bai taɓa zuwa ba. Amma ci da sha da sutura da tarbiyyar yaro, wannan nauyi ne da ya hau kan uba tun ranar da aka haife shi, uwa kuma ita ce mai kula da gida da abin da ke cikinsa. Ɗaya ana jiran samu kafin ya wajaba, ɗayan ya riga ya wajaba tun ranar suna. To yaya aka yi muka juya abin? Za ki ga gida ana tara kuɗin Umra ta biyu, alhali yaro ya tafi makaranta ba kuɗin tara, wato ɗan abin da zai sayi ƙosai ko gyaɗa idan an fita hutun safe. Idan kika yi magana sai a ce ai gwamnati ce ta daina ba su abinci.

Bari mu tuna yadda abincin nan ya zo da yadda ya tafi. A watan Janairun 2016 gwamnatin Jihar Kaduna, zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, ta fara ciyar da 'yan firamare a kan Naira 50 kowane yaro a rana. Makarantu suka cika maƙil, yara suka ƙaru da dubban ɗaruruwa, mata da yawa suka sami aikin dafawa. Wannan alheri ne, ba mai musu. Amma malaman makaranta sun riƙa kokawa cewa wasu yaran da kwano kawai suke zuwa, da an raba abinci sai su sulale. Shirin bai daɗe ba aka dakatar da shi saboda nauyin kuɗi, daga baya ya dawo a ƙarƙashin na tarayya, na 'yan aji ɗaya zuwa uku. A watan Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen hukumar tallafin baki ɗaya don a yi bincike, har da na abincin da na tura kuɗi. Haka ma tallafin Naira 5,000 a wata da aka riƙa ba wasu gidaje zamanin Shugaba Buhari, da Naira 25,000 na wata uku da aka sanar a watan Oktoban 2023. Wasu sun samu, wasu har yau labari suke ji.

Kin ga ke nan tallafin gwamnati da tikitin jirgi halinsu ɗaya. Ba ke kika tsara sharuɗɗan ba, ba a shawara da ke ranar da za a canja, kuma ana iya rufewa kina kan layi. Shi kuwa yaro ba ya tsayawa jira. Gwamnati na iya dakatar da shiri wata shida ta ce tana bincike, amma cikin yaro ba ya dakatawa, shekarunsa ma ba sa dakatawa. Yarinyar da ta bar aji uku saboda an daina rabon abinci, kafin a dawo da shi ta isa aure ba ta iya karanta takardar asibiti ba. Kayan aro ba ya rufe katara, 'yan uwa.

Kada wata ta ce na ɗauke wa gwamnati nauyinta. Ko kusa. Akwai abin da uba komai ƙoƙarinsa ba zai iya yi shi kaɗai ba. Ba zai gina aji ba, ba zai ɗauki malamai ba, ba zai zuba magani a asibiti ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa gwamnati ba kowane yaro ilimi kyauta na shekara tara, firamare shida da ƙaramar sakandare uku. Idan rufin aji ya yaye, ko yara ɗari suna zaune a ƙasa gaban malami ɗaya, dole a yi magana. Kowace makarantar gwamnati ana so ta kasance da kwamitin iyaye da mutanen unguwa, kuma akwai gurbin mata a ciki. Idan ke ba za ki je ba, ki tura maigida, ko ki ba wata dattijuwa saƙonki. Kuma akwai marayu, da matan da mazansu suka rasu, da gidajen da maigida ke kwance ba lafiya. Waɗannan tallafi haƙƙinsu ne a kan gwamnati da dangi da mawadatan unguwa, kuma don irinsu aka wajabta zakka. Na san yadda rayuwa ta yi tsada tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, na san akwai gidan da ba a ɗora tukunya sau biyu. Ba da su nake ba.

Amma dokar nan ta 2004 ba gwamnati kaɗai ta kama ba. Ta ce wajibi ne uba ko mai riƙo ya sa yaro a makaranta kuma ya tabbata ya gama. Wanda ya ƙi, karon farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan Naira 5,000 ko wata biyu. Kuɗin ba yawa a yau, amma ki lura da abin da dokar ke nufi: gwamnati ta buɗe ƙofar aji, iyaye su kawo yaro. Gwamna ba zai zo ya tashi ɗanki da asuba ba. Kwamishina ba zai wanke masa yunifom ba, ba zai buɗe littafinsa da daddare ya ga ko an yi rubutu ba.

Sai magana mai ɗan ɗaci, ku yi mini haƙuri, tsakaninmu ne. Mu matan kulle sana'armu a cikin gida take, ƙafarmu a waje kuwa 'ya'yanmu ne. Ƙuli-ƙuli, alala, ɗanwake, dafaffiyar gyaɗa, wa ke kai su bakin kasuwar Samaru da tashoshin mota? 'Yan matanmu. Ribar kuma ina take zuwa? Adashi, na kayan ɗaki ko na Makka. Uwargida ki tsaya ki auna. Idan kujerar da kike tarawa da tallan yarinya ake tara ta, a lokacin da 'yan uwanta ke aji, to da karatunta kika saya. Ga Jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru tun 1962, 'ya'yan mutane daga kowane lungu na ƙasar nan suna zuwa su zama likitoci da lauyoyi, 'yarki kuma iyakarta bakin ƙofa da faranti a ka. Idan kin je asibiti kina neman likita mace ta duba ki. To 'yar wa kike so ta zama likitar?

Ba cewa na yi ki bar sana'a ba, sana'a ita ce rufin asirin mace. A gyara mata lokaci ne kawai. Abin da za a sayar da safe a nemi dillaliya ko wata dattijuwa a ba ta ladanta, ko a ajiye a shagon unguwa. Yanzu ga waya, masu saye na iya kira su aiko a karɓa a ƙofar gida. Idan dole sai yarinya ta fita, to bayan an tashi makaranta, kusa da gida, kuma ta dawo kafin magariba. Sannan ki raba asusunki biyu. Na farko na yara: kuɗin tara, littafi, fensir, takalmi, magani. Sai ya cika ake zuba wa na biyu, na Makka. Mai son ta yi tanadin Hajji a tsanake, tun 2020 Hukumar Alhazai ta buɗe asusun adashin gata tare da Bankin Jaiz, ana zubawa kaɗan-kaɗan har Allah ya cika. Idan tallafin gwamnati ya zo, alhamdu lillahi, a karɓa a ƙara a kan na yara. Idan bai zo ba, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Maigida, na san kana jinmu ko da ka yi kamar ba ka ji. Ranka ya daɗe, wannan nauyi naka ne kafin ya zama na kowa. Kafin ka biya kujera, ko ka ƙaro amarya, ka leƙa jakar makarantar yaranka. Uwargida ke kuma idan za ki tuna masa, ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki faɗa da lafazi mai daɗi, kin fi ni sanin mutuminki.

Allah ya kai mu Makka da halalinmu, ya kai iyayenmu, ya shirya mana zuriya, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. A ci gaba da aiko da saƙonni, musamman wadda ta sami dabarar sayar da kayanta ba tare da ta cire yarinya daga aji ba, ta gaya mana yadda ta yi don wasu su amfana. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida yara, a gaida maigida.